Kifaye Shidan da Aka Ce Noreen Ta Ɓoye

Daga farkon Satumba har ƙanƙara ta fara kama bakin ruwa a Nuwamba, duk wanda ya bi ta gadar ƙarfe ta Kogin Tolmie da bakwai na safe zai tarar da wata tsohuwar a-kori-kura koriya a gefen hanya. Murfin bayanta a sauke, an ɗora fulas ɗin kofi da kwalin takalmi cike da ƙananan ambulan, ga kuma wata gajeriyar mata da jar hular ulu zaune tana kaɗa ƙafa. Noreen Haugland ke nan. Shekara talatin da ɗaya tana yi wa ofishin kula da kifi na yankinmu wannan zama, kuma in kakar bana ta ƙare za ta ajiye aiki.

A baki aikin ba shi da wuya. Duk mai fatsa da zai gangara kogi sai ya tsaya ta ba shi ambulan. In ya kama kifi, ya sa ɗan hantsaki ya cire ɓawo uku daga gefensa na hagu, ya zuba a ciki, ya rubuta rana da wuri da tsawo, ya saki kifin. Da yamma tana nan a gadar tana karɓa. Tsakanin safe da yamma kuwa tana bin gaɓa da ƙafa, fiye da kilomita goma cikin duwatsu masu santsi, tana farautar masu wayon da suka zagaya ta tsohon layin dogo don kada su gamu da tambayoyinta. Ban san mutum ɗaya da ya taɓa kuɓuce mata ba.

Ni Merv Kostiuk ne, shekara ashirin da shida ina ɗaukar baƙi a kwalekwale ina nuna musu inda za su tsaya. Kifin da ya tara mu shi ne stilhed, mai kan ƙarfe. A kogin nan ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekaru, sannan da kaka ya hauro tsakanin duwatsu ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara yana jiran lokacin ƙwai. Mu kuma mu shiga ruwan sanyi har ƙugu da wandon roba, muna jefa masa ƙugiyar da aka ɗaure wa gashin tsuntsu, wadda muke kira ƙuda. Ka jefa, ka yi taku ɗaya, ka sake jefawa, tun safe har yamma, wani lokaci mako guda ba abin da ya taɓa ka. In ka dace ka kama, doka ta ce ka sake shi. Matata Joanne ta ce wannan ba kamun kifi ba ne, gaisuwa ce mai tsada.

Tunda ba wanda ke kai kifi gida, ba wanda zai ƙaryata ka. Mu kuwa ba mu taɓa ɗaukar ƙara wa kifi tsawo a matsayin zunubi ba. Na taɓa tsayawa a gadar da wani baƙona, likitan haƙori daga birni, Noreen ta tare shi.

"Nawa?"

"Ɗaya, amma fa ya kai haka." Ya ware hannuwa.

"Tsaya a haka, kada ka motsa." Ta zaro tef ta auna tsakanin tafukansa. "Inci hamsin da biyu. Likita, wannan ai ba kifi ba ne, ƙofar banɗaki ce. Me ka rubuta a ambulan?"

"Talatin da ɗaya."

"To, na ambulan zan ɗauka. Na hannun ka kai wa matarka."

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne, bayan duk shekarun nan ba ta gaji da tambaya ba. Kifin nan in ya baro teku kusan ba ya cin komai. To me ya sa yake cafkar gashin tsuntsu? Ta tambayi duk wanda ya taɓa wucewa ta gadar, kuma tana da littafi guda da take rubuta amsoshi. Wasu sun ce fushi ne. Wasu sun ce yana tuna ƙwarin da ya ci yana ƙarami. Wani Bajamushe ya ce kaɗaici ne. Ita dai ba ta tsayar da magana ba, amma ta taɓa ce min tana zaton son sani ne kawai. Ta ce kifi ba shi da hannun da zai taɓa abu ya ji mene ne, dole ya sa baki.

Bev Stoltz mai gidan shayi ta ga ranar da Noreen ta tsuguna cikin ruwa kusan minti arba'in, tana riƙe da wani kifi da baƙo ya gajiyar, ta juya kansa yana fuskantar igiyar ruwa har numfashinsa ya dawo. Sai da aka kama ta aka fito da ita, don ƙafafunta sun daina ji. Mu masu jagora kuma ita ta koya mana jiƙa hannu kafin mu taɓa kifi, da barin kansa cikin ruwa ko da baƙo na kukan yana son hoto. Ba da lacca ta koya mana ba. Tsayawa kawai take a gaɓa tana kallonka har kunya ta kama ka.

In an rufe kaka, sai ta shige wani ɗan ɗaki a bayan ofis ta yi hunturu tana karanta ɓawo a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na farko da ta nuna min, na zaci zan ga ɓawon banza kawai. Sai ga zobba a jere kamar na kututturen itacen da aka sare.

"Dubi tsakiya, layukan a matse," ta ce. "Yarintarsa ke nan a kogi, abinci ba yawa. Duk inda suka haɗe suka yi duhu, hunturu ɗaya ne. Ƙirga."

"Uku."

"Yanzu dubi yadda suka buɗe. Ya shiga teku, ya samu abinci, ya yi ƙiba kamar kai bayan aure."

Ta sa wani, shi kuma tsakiyarsa fayau, ba layi ko ɗaya. Ta ce wannan ɓawo ne da ya taɓa fita ya sake tsirowa, sabon ba ya zuwa da tarihin tsohon. Irinsa ba ya amfanar lissafinta, amma takan daɗe tana kallonsa tana tunanin abin da ya taɓa samun kifin, ko raga ce ko haƙorin wata dabba.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na roƙi filin nan a jaridar garinmu, ni da rubutuna bai wuce na ambulan ba.

Shekara shida da suka wuce kifi ya ƙi zuwa. Ofis ya ce in ƙarshen Satumba ya yi ba a kama arba'in a duk kogin ba, za a rufe fatsa har baɗi, don 'yan kaɗan da suka iso su samu su zuba ƙwai ba mai damunsu. A garin nan wata biyu na kaka ke ciyar da shekara. Garth Lindqvist mai masaukin baƙi yana da ma'aikata goma sha ɗaya, ni kuma baƙina na Oktoba sun riga sun sayi tikitin jirgi. Ranar ashirin ga wata lissafi yana talatin da 'yan kai, ruwa kuma shiru.

A ranar na kama wata babbar macen kifi a wani wuri mai zurfi na kogin da muke kira Gurbin Coci, inci talatin da shida, ƙirjinta kamar azurfa. Ni kaɗai ne a wurin. Na sa hantsaki na cire uku, sai hannuna bai tsaya ba. Sai da na cire ashirin da ɗaya. A kwanakin da suka biyo na raba su a ambulan bakwai, kowanne da ranarsa da gurbinsa da tsawonsa, har biro na riƙa canzawa. Ba wanda ya sa ni. Na ma shiga gidan shayin Bev ina bugun ƙirji cewa ni kaɗai na kama bakwai a kwana tara, kifi na nan, mutane ne ba su iya ba.

Ana saura kwana ɗaya wata ya ƙare, da azahar, Noreen ta tsayar da ni a ƙofar ofis.

"Merv, zo ka taya ni mamaki."

Ta zaunar da ni gaban madubin, tana sa ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Muryarta kamar wadda ta tsinci abin sha'awa.

"Wannan ta yi hunturu huɗu a kogi, a na biyun ta sha yunwa, ga layukan nan kamar za su hau juna. Ta je teku, ta dawo ta zuba ƙwai, ga inda gefen ya cinye. Ta koma teku, ta sake dawowa. In na ga irinta uku a shekara, na yi sa'a. Kai a kwana tara ka samo bakwai, duk da yunwa ɗaya a hunturu ɗaya. A ambulan na huɗu ma ka ce namiji ne. Ko 'yan bakwai ne, aka yi musu aure rana ɗaya?"

Na fara maganar baƙina da tikitinsu, ta ɗaga hannu.

"Bar wannan. Ɓawo ashirin da ɗaya daga gefe guda, ga hunturu na tafe. Da ka sake ta, da ƙarfinta ta tafi ko ruwa ne ya ja ta?"

Na faɗa mata gaskiya, cewa ta daɗe kwance a hannuna, sannan ta tafi a hankali. A duk shekarun da na san Noreen, ranar ce kaɗai na ga ba ta da wata tambaya. Ta ɗaure ambulan shida da roba ta sa a durowa, ta rubuta ɗaya a takarda. Da shidana, da lissafi ya zama arba'in da biyu. Ba tare da su ba, talatin da shida.

"Za ki kai ƙarata?" na ce. Na san in ta kai, lasisina ya tafi.

"Zan rubuta kifi ɗaya. Abin da aka ɗauke ni in rubuta ke nan."

Ranar Asabar aka cika ɗakin taron gari. Garth ya miƙe, fuskarsa ja wur.

"Merv kaɗai ya kai mata bakwai, kowa ya ji da kunnensa! A takardar nan ɗaya na gani. Ina shida suka shiga, Noreen? Kin soya ne?"

"Ambulan shida ba su cika sharaɗi ba," ta ce.

"Wane sharaɗi?"

"Na aikina."

"Merv, tashi ka faɗa mata mana!"

Na tashi. Ta dube ni, ba harara, ba roƙo, kallon da take yi wa ɓawo. Na ce, "Ni dai na san ambulan bakwai na kai." Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, na zauna na bar ta a tsaye.

Aka rufe kogi. Garth ya sallami mutum takwas. Daga ranar sunanta ya ɓace a garin, aka koma kiranta Shida. In ta shiga kanti sai ka ji an ce, "Ku ɓoye kifin gwangwani, Shida ta zo." Sau biyu aka sace mata iskar taya a gadar. Bev, wadda ta yi shekara ashirin tana cika mata fulas kyauta, ta koma cewa kofi ya ƙare. A coci ita da mijinta Arne suka riƙa zama su kaɗai a benci mai cin mutum takwas. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta juya duk wannan a kaina, amma ba ta furta ba. Da Satumba ta zagayo, ga ta nan a gadar da kwalinta, tana miƙa ambulan ga mutanen da ba sa amsa gaisuwarta.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarta dalili, muna tsaye mu biyu a gaɓa.

"In na tona mutum ɗaya, gobe wa zai kawo min ambulan?" ta ce. "Za su ce kwalin nan tarko ne. Ni kuwa ba ni da wani ido a ƙarƙashin ruwa sai ku maƙaryata. Kuma Joanne ba ta yi min komai ba."

Noreen, ke ce kika san mu ciki da bai kuma ba ki raina mu ba. Ke ce mai jar hula, idon kogi, wadda ta rubuta talatin da shida a ranar da duk gari ke son arba'in da biyu. Kin ɗauki laifin da ba naki ba kin yi shekara shida da shi, kina ganina kullum da safe ina wucewa da kwalekwalen da shirunki ya bar min. Na sha kwatanta kaina a matsayinki, ban taɓa kaiwa mako guda ba tare da na fashe ba.

Bana kifi ya ɗan dawo. Na ce mata ai rufewar ce ta yi aiki, 'ya'yan waɗanda aka bari ne ke haurowa. Ta ƙi karɓa. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma teku ce ta yi sanyi abinci ya yawaita, ba ta sani ba, kuma rashin sanin ne ke sa ta jin da ma a ba ta wasu shekara talatin.

Makon jiya ta kira ni ɗakin bayan ofis. Tana kwashe kaya. Ta jawo durowa ta miƙo min ƙunshin nan, robar har ta narke ta manne da takarda.

"Kayanka ne. Ba na son wanda zai gaje ni ya tarar. Ka jefa a murhu."

Na juya su a hannuna, na ga bakwai ne ba shida ba. Na bakwan ba rubutuna ba ne. Wani baƙo ne ya cika shi, shekara biyu bayan rufewar. Gurbin Coci, mace, inci talatin da tara. Ta karɓa ta sa ɓawon a ƙarƙashin madubi, ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun tsakiyarsu fayau.

"Uku cikin uku," ta ce. "Ɗaya yakan faru. Uku daga wuri guda, ban taɓa gani ba sai a nan."

"Ita ce, wadda na kama?"

"Ban sani ba, Merv, sabon ɓawo ba ya ba da labari. Amma wani ya taɓa yi wa kifin nan aski a gefen hagu, kuma mutum ɗaya na sani mai irin wannan hauka."

Na zauna a kan kwali. Ni da na ba sittin baya, hawaye ya zubo min. Na ce me ya sa ba ta faɗa min ba duk shekara huɗun nan.

"Ba ka tambaya ba. Kullum kana wucewa ta gada kana kallon takalminka."

Ban jefa su a murhu ba. Ranar Asabar da safe, lokacin da gidan shayin Bev ya cika, na jera shidan a kan tebur gaban Garth na faɗi komai. Can Garth ya ce, "Kai, Merv, amma kai ɗan iska ne," a hankali, ba da ihu ba, kuma na fi son a ce ya mare ni. Bev ta shige kicin ba ta fito ba. Na kuma rubuta wa ofis takarda da hannuna. Ba su amsa ba tukuna, mai yiwuwa bana ce kakata ta ƙarshe a kwalekwale, kuma in haka ne ba a zalunce ni ba.

Litinin da bakwai na safe na tarar da motar Garth a gadar. Ya cire hula a cikin wannan sanyi, yana tsaye gaban Noreen riƙe da fulas ɗin da Bev ta aiko, yana ta neman kalma. Ta bar shi ya wahala kaɗan, sannan ta karɓi fulas ɗin ta miƙa masa ambulan.

"Uku kawai, Garth. Daga hagu. Ka jiƙa hannu."

Na gode, Noreen, a madadina da Joanne, da kuma wata tsohuwar mace da wataƙila ta sake ganin teku. Ga waɗanda za su hau murfin motar nan bayanki, da duk wanda aka ba wani abu ya ƙirga a garin nan, ku rubuta abin da kuka gani ko da ɗakin taro ya cika da masu son wani adadin, kuma kada ku daina tambaya. Ku kuma mutanen gari, saura mako uku ta bar gadar. Ku tsaya ku gaishe ta da sunan da iyayenta suka sa mata. Ba ta ɓoye kifi ko ɗaya ba. Shidan nan ba a taɓa ƙyanƙyashe su ba, ni na haife su da biro a teburin kicin ɗina.